Abin da Ke Bayan Talabijin

Jama'a masu sauraro na cikin garin Bakori, da na Tsiga, Kakumi, Kabomo, Jargaba, Guga da Kurami, har zuwa Funtuwa, Ɗanja da Malumfashi, da duk inda muryarmu ta kai. Shirinmu na yau ya shafi wata kusurwa ta ɗaki wadda iyali ke zama gabanta kowane dare, amma da wuya ka ga wanda ya leƙa bayanta, in ba rimot ne ya faɗa can ba. Ina nufin bayan talabijin, inda wayoyi suka harɗe, wata ta hau wata, ƙura ta lulluɓe su, har maigidan da ya saye su da kuɗinsa ba zai iya nuna maka wacce ce ta dikoda, wacce ce ta fanka ba. Maganar da nake so in kafa guda ɗaya ce. Gyaran wannan wuri ba ado ba ne na masu hali, kariya ce ta rai da dukiya, kuma mai ƙaramin ƙarfi ya fi kowa bukatarta. Sannan hanyar gyaran ba ita ce a sayo sabbin kaya a ɓoye wayoyin ba, ita ce a rage su, a raba su, a ɗaga su daga ƙasa.

Mu fara da yadda aka yi tarin ya taru, domin ba wanda ya zauna ya tsara shi. A da, gidan da ke da talabijin waya biyu gare shi, ta wuta da ta eriyar da aka ɗaure a kan gora don kamo NTA. Sai bidiyon kaset ya zo, faifan CD da DVD suka biyo baya da wayarsu mai kai uku, ja da fari da rawaya. Daga nan dish ya shigo, da dikoda irin su Strong na tashoshin kyauta, sai StarTimes da GOtv da DStv na masu biyan kuɗin wata. Da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, gidajen da a da ba su damu da dish ba suka ɗaura, don kada Daɗin Kowa ya wuce su. Ƙara da sifikoki, da cajar wayar hannu ta kowa da kowa a gidan, da fitilar caji, da sitabilaiza. Sannan wutar kanta ba ta hanya ɗaya take shigowa ba. Akwai ta KEDCO, kamfanin da ya karɓi rarraba wuta a jihohin Kano, Katsina da Jigawa tun 2013, ko da yake har gobe NEPA muke cewa. Akwai ta janareta. Akwai kuma ta sola, wadda ta ƙara yaɗuwa bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Kowane sabon abu ya shigo da wayarsa, amma tsohon da ya mutu ba a cire tasa ba. Shekara goma na irin wannan shi ne abin da kake gani a bayan teburinka.

To me ya sa wannan ya wuce maganar kyan gani? Amsar tana cikin ɗabi'ar wutar lantarki. Duk wayar da wuta ke bi ta cikinta tana ɗaukar zafi, kaɗan ko da yawa. Zafin ya danganta da abu biyu: yawan wutar da ake ja, da kuma yadda wayar ke tirjewa wajen barin ta wuce. Siririyar waya ta fi tirjiya, doguwa ta fi gajera, kuma mahaɗar da ba ta kama sosai ba ta fi su duka. Abin da ya kamata a riƙe shi ne zafin ba ya hawa daidai da wutar da aka ja. Idan ka ninka lodi sau biyu, zafin ninkuwa yake sau huɗu. Idan ka ninka sau uku, sau tara. Wayar da ke miƙe a sarari iska na kwashe mata wannan zafi, shi ya sa ba ka ji. Amma wadda aka naɗe tamau, aka tura cikin 'yan'uwanta, aka jingina mata katako, ƙura ta yi mata bargo, ba ta da inda za ta kai shi. Robar da ke jikinta sai ta fara laushi, in ta huce ta bushe, gobe ta sake laushi, har ta tsage. Ba rana ɗaya wannan ke faruwa ba, kuma ba ya ƙara, shi ya sa ake raina shi.

Ga lissafi mai sauƙi wanda kowa zai iya riƙewa. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce a ƙa'ida. Soket ɗin bango mai rami uku masu kusurwa an yi shi ne ya ɗauki amfiya 13, wato kusan wat 3,000 ke nan gaba ɗaya, kuma duk abin da ka jona a ekstenshin, ta wannan soket ɗaya zai sha. Yanzu duba kayan kallon. Talabijin ta bango mai inci 32 ba ta cika wuce wat 60 ba. Dikoda ba ta kai rabin haka ba. Cajar wayar hannu abu kaɗan take ja. Ko ka haɗa su duka da fankar tsaye, da wuya su kai wat 300. Ashe kayan kallo ba su ne masu laifi ba. Mai laifin shi ne baƙon da ake kawowa saboda nan ne kawai ake da rami a buɗe: dutsen guga, wanda shi kaɗai yakan ja wat 1,000 ko fiye, da hitar dafa ruwa da ake jonawa da asuba lokacin sanyi, wadda ita ma haka take ko ta fi. Ekstenshin mai araha, mai siririyar waya, yana iya ɗaukar kayan kallo shekara da shekaru ba tare da ko ɗumi ba, rana ɗaya a ɗora masa hita ya narke. Idan wayoyi sun harɗe, ba mai sanin me ke kan me, don haka ba mai lura an ɗora wa ƙaramar waya babban kaya. Tsari shi ke sa ido ya ga lodi.

Bari mu matso kusa mu dubi yadda ake jona kayan a gidaje da yawa. Fulogin dikoda ya karye, sai a fere bakin wayar, a murza zaren, a cusa tsirara cikin ramin soket, a tokare da tsinken ashana biyu don kada ta zame. Wani kuma fulogi mai ƙafa biyu gare shi, soket ɗin ya ƙi karɓa, sai a sa murfin biro ko makulli a danna ramin sama har ƙofofin ƙasa su buɗe. Waɗannan ƙofofi ba kuskuren maƙera ba ne. Irin wannan soket da fulogi an fito da shi a Ingila a 1947, kuma da gangan aka sa masa murfin ciki don kada yaro ya cusa ƙusa, aka kuma sa fiyus a cikin fulogin don ya yanke wuta kafin wayar ta ƙone. Wanda ya cusa waya tsirara ya zubar da kariyar nan duka biyu. Wanda fiyus ya ƙone ya naɗa masa takardar gwangwanin sigari ko zaren waya, shi ma haka. Ga kuma wayar da ta gaza, aka ƙara mata wata, aka naɗe mahaɗar da baƙar leda ta kasuwa. Irin wannan mahaɗa ita ce ke tartsatsi duk lokacin da aka motsa tebur. Alamominta a bayyane suke ga mai dubawa: baƙi-baƙi a bakin rami, robar soket ta yi launin ƙasa, ƙarar cir-cir in an taɓa, da wani wari kamar na ƙonannen kifi ko roba. Kuma a tuna, wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba tana iya tsayar da zuciyar mutum idan ta bi ta ƙirjinsa, balle jaririn da ke rarrafe, wanda duk abin da hannunsa ya kama baki zai kai.

Yankinmu kuma yana da nasa ƙarin dalilai waɗanda mai zama a bene a Abuja ba shi da su. Mu manoma ne. Da kaka ta yi, masara da dawa da waken suya sukan cika sito, su tumbatsa har zaure da falo, kuma inda hatsi ya je ɓera na biye. Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsiro, dole ya riƙa gwaguyar wani abu, kuma tarin wayoyi a lungu mai duhu da ɗumi ya ba shi abin gwaguya da wurin kwana a lokaci ɗaya. Wayar da ya ci ba lallai ta daina aiki ba. Takan ci gaba da aiki da jan ƙarfenta a waje. A daidai wannan lokaci ne hunturu ke shigowa, ƙura ta toshe ramukan da dikoda da talabijin ke shan iska, komai ya bushe ƙayau. Wanda ya noma auduga ya jibge ta a ɗaki yana jiran farashi ya san tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Da damina kuma matsalar ta juya. Nan kudancin Katsina ruwa ya fi na arewacin jihar yawa, feshi na shigowa ta taga da ƙarƙashin ƙofa, ƙasan ɗaki ya yi danshi, ekstenshin kuma yana kwance a kai. Wayar dish da ta sauko daga kan kwano tana iya jawo ruwa ya bi jikinta har cikin dikoda, kuma in an yi tsawa a kusa, ta wannan hanya ko ta layin wuta ƙarfin ke shigowa ya kashe kaya.

Saboda haka nake cewa ɓoye waya ba gyara ba ne, wani lokaci ma ya fi barin ta a fili muni. Uwargida mai son tsafta, in wayoyi sun dame ta, abin da ya fi sauƙi shi ne ta tura su ƙarƙashin kafet ko ledar ɗaki, ko ta saki labule a kansu. Niyyar mai kyau ce, amma dubi sakamakon. Wayar da ke ƙarƙashin kafet ana taka ta kullum, ƙafar kujera na danne ta, zaren cikinta na karyewa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya rage ya ɗauki lodin duka ya ƙara zafi, kafet ɗin ya hana zafin fita, kuma shi kansa abin cin wuta ne. Ba mai ganin lalacewar sai ta gama. Haka wayar da aka matse a ƙarƙashin ƙofar ƙarfe don a kai wuta ɗakin kusa. Duk gyaran da zai hana ka ganin waya da taɓa ta cikin sauƙi, alhali ba cikin bututun da aka yi dominta take ba, ka ɗauke shi a matsayin ƙarin matsala.

Gyara na gaskiya da ragewa yake farawa, kuma wannan mataki ko kwabo ba ya ci. Manomi ya san idan masara ta fito huɗu a rami ɗaya, ba ƙarin taki take bukata ba, cirewa take bukata. A kashe wuta daga babban makunni, a zare komai, a fito da shi tsakar ɗaki da rana, a share wurin. Sannan kada a mayar da kowace waya sai an san aikinta. Za ka tarar da wayar DVD ɗin da ya mutu tun kafin a yaye auta, da eriyar da ba a amfani da ita, da caja uku da ba mai su. Bayan haka a duba inda waya ɗaya za ta yi aikin uku. Idan talabijin da dikodarka duka suna da ramin HDMI, wannan waya guda tana ɗaukar hoto da sauti tare, ta maye gurbin ja da fari da rawaya, hoton ma ya fi kyau. Kada kuma a ruɗe ka da mai tsada, domin a tazarar mita ɗaya ko biyu, mai sauƙin kuɗi in dai lafiyarta ƙalau hoto iri ɗaya za ta ba ka. Wanda yake da dish biyu ko uku don kamo tashoshin Larabawa da na Hausa ba ya bukatar waya uku su huda bango. Akwai ɗan ƙaramin akwati mai suna DiSEqC, masu ɗaura dish sun san shi sarai, ana haɗa su a kansa can waje, waya ɗaya ta shigo ɗaki, dikoda ta riƙa zaɓa da kanta. A ƙarshe, a raba wa dutsen guga da hita da firij nasu wurin. Kada su sake kusantar ekstenshin ɗin kallo.

Idan akwai inda ya cancanci a kashe kuɗi, wuri ɗaya ne, wato abin da kayan duka za su sha wuta daga gare shi. Mafi alheri shi ne a kira mai wayarin ya ƙara soket mai baki biyu a bango, daidai bayan talabijin, da waya mai kauri, mai lamba 2.5, wadda ita ce aka saba sa wa soket. In hakan bai samu ba, a sayi ekstenshin guda ɗaya mai kyau maimakon uku marasa kyau da ake jona wannan a kan wancan. Yaya za a gane mai kyau? Ba da fitilu masu walƙiya ko ɗan agogon da ke jikinsa ba. Ɗauke shi ka ji nauyinsa, taɓa wayar ka ji kaurinta, duba ko fulogin yana da fiyus, karanta abin da aka rubuta na iyakar lodinsa, sannan ka gwada cusa fulogi ka ji ko ya kama gam. Akwai kuma wata yaudara da ta cika kasuwa, daga Sabon Gari ta Kano har shagunan Funtuwa: waya ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. A ido ja ce, amma in ka kankare zare ɗaya da wuƙa sai fari ya fito. Alminiyam kusan kashi 60 cikin 100 kawai yake wucar da wuta in aka kwatanta da jan ƙarfe mai kauri ɗaya, kuma ya fi saurin karyewa. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, wadda asalinta ya koma 1971, ta sha kama irin waɗannan wayoyi marasa inganci, amma ba za ta tsaya a kowane shago ba. Wayar kirki takan zo da sunan kamfani da kaurinta a rubuce a jikin robar, kuma kamfanonin gida irin su Cutix ta Nnewi da Coleman da Nigerchin sanannu ne a wajen masu sana'ar, ko da yake su ma ana yin jabun sunansu, don haka kankarewar ba ta faɗi ba.

Sauran aikin na hannu ne. Ekstenshin ya bar ƙasa: yawancinsu suna da ramuka biyu a baya, ƙusa biyu a bango ko a jikin katakon teburin sun isa a rataye shi, sama da inda ruwa ko yaro zai kai. Wayar da za ta yi tafiya ta bi gefen bango da kilif irin mai ƙusa, ko cikin farin tirankin na roba mai murfi, wanda ake buɗewa a duba duk lokacin da aka so. Wayoyin wuta su bi gefe ɗaya, na hoto da sauti su bi ɗaya gefen, domin haɗa su wuri guda na iya sa sifika gurnani. Wadda ta yi tsawo a lanƙwasa ta sako-sako a ɗaure, ba a naɗe ta tamau a jikin ƙarfe ba, kuma in babu abin ɗauri na kanti, ƙyallen da tela ya zubar ya wadatar. Abin gudu shi ne ɗauri da wayar ƙarfe mai yanka roba. Wayar dish, kafin ta shiga ramin bango, a bar ta ta ɗan sauko ƙasa da ramin sannan ta hau, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a waje, a kuma toshe ramin saboda ɓera da kunama. Sai a manna ɗan farin salatif a wuyan kowane fulogi a rubuta sunan abin, da boko ko da ajami. Wannan ƙaramin abu ne, amma shi ne zai sa in hadari ya taso maigida ba ya nan, yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta san abin da za ta zare. Dikoda kuma kada a rufe ta da ƙyallen ado, kada a ɗora ta kan sitabilaiza.

Na san wani mai sauraro yana murmushi yana cewa, Malam, wutar ma ina take, da har za mu damu da wayarta? Tambaya ce mai ma'ana, amma in an duba da kyau, hujja ce a kan mai yin ta. Inda wuta ke tsayawa, kaya na aiki cikin natsuwa. Inda ake ɗaukewa ana kawowa, nan ne haɗari ya fi yawa. An ɗauke wuta ana tsakar guga, an tafi masallaci ko gona an bar dutsen a jone, an kawo ta ba kowa. Ko a kawo ta cikin dare da ƙarfin da ya wuce ƙima, ko ta zo rabi-rabi, kayan da ke da inji su yi ta nishi suna zafi. Gidan da komai na kallo ke kan makunni ɗaya da hannu ke kaiwa, da an ɗauke wuta sai a kashe shi, an huta. Gidan da sai an ja tebur an lalubi waya a cikin duhu, ba mai yi. Rashin wutar ne kuma ya kawo janareta, da waccan muguwar waya mai fulogi a kai biyu, wadda ake cusa ɗaya a janareta ɗaya a soket ɗin bango. Ƙafafun fulogin da ke hannunka wuta ce tsirara, kuma in an manta ba a kashe babban makunni ba, wutar janaretan na iya komawa kan layi ta sami ma'aikacin da ya hau fal yana zaton babu wuta. Maganin wannan cenjoba ce da mai wayarin zai ɗaura sau ɗaya. Janaretan kuma waje yake kwana, nesa da taga, saboda hayaƙinsa na kisa ba tare da an ji ba.

Masu sola su ma kada su ce wannan ba tasu ba ce. Mutane na ɗauka tunda batir bolt 12 ne, ba ya jan mutum, to kowace waya ta yi. Akasin haka ne. Talabijin mai wat 60 a kan wutar bolt 230 kusan rubu'in amfiya take ja, amma a kan batir mai bolt 12 amfiya 5 za ta ja, wato kusan ninki goma sha tara. Ke nan wayar da ke tsakanin batir da inbata ita ce ta fi bukatar kauri da gajarta a duk gidan, kuma tana bukatar fiyus kusa da kan batirin, domin batir in wayoyinsa biyu suka haɗu yana iya mayar da su jajawur cikin ƙiftawar ido. Batirin ruwa kuma yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, bai kamata a kulle shi cikin kabad tare da soket mai tartsatsi ba.

Sai mai cewa ba kuɗi, ko gidan haya yake. Na yarda abubuwa sun yi tsada, buhun taki kaɗai ya ishi mutum tunani. Amma a lissafa abin da na ambata. Ragewa kyauta ce, rabawa kyauta ce, ƙyalle da ƙusa kusan kyauta ne, fakitin kilif bai kai kuɗin wata ɗaya na dikoda ba. Abu ɗaya ne mai ɗan nauyi, ekstenshin ko soket, kuma a auna shi da abin da yake karewa. Attajiri in talabijin ta ƙone gobe zai sayo wata. Wanda ya sayar da buhunan masara ya saye ta, sai wata kakar, in ma damina ta yi kyau. Shi kuma ɗan haya da mai gida ya hana shi huda bango, ya sami ɗan falle na katako, ya kafa ekstenshin da wayoyin a jikinsa, ya ɗaure shi a bayan tebur. Ranar tashi ya ɗauki abinsa a shirye.

Akwai kuma mai cewa shekara goma ke nan haka muke, ba abin da ya faru, kuma abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa. Babu musulmin da ke jayayya da ƙaddara. Sai dai malamanmu sun sha bayyana cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma mai wannan magana da kansa yana kulle shagonsa da daddare, yana sa wa hatsinsa magani. Game da shekara goman kuwa, roba tsufa take yi, mahaɗa na sassautawa, lodi na ƙaruwa duk shekara. Wayar ba ta tabbatar maka tana lafiya ba, ta dai ƙara shekara goma ne a kan shekarunta. Wasu kuma, musamman matasa, suna ganin maganar ta kusa zama tarihi, tunda yanzu a wayar hannu ake kallon fim da ƙwallo. Gaskiya ne sifika mai Bluetooth da talabijin mai intanet sun rage wayoyin hoto da sauti. Amma ba su rage na wuta ba, sun ƙara su ne, domin kowane abu sai an yi masa caji. Tarin ya tashi ne daga bayan talabijin ya koma gefen katifa, inda ake kwana da caja marar suna a ƙarƙashin filo, kuma katifar soso ta fi kafet saurin kamawa.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki kuwa shi ne ranar jere. Bayan kaka bukukuwa ke yawaita a garuruwanmu, iyaye sun yi ɗawainiyar gado da kujeru da labule da kayan kallo, gwaggonni da ƙannen uwa sun zo sun jera komai tsaf, sai a ƙarshe a tuna ba a san inda za a jona talabijin ba. Nan take a aiki yaro ya sayo ekstenshin mafi araha a bakin titi, a jefa shi bayan sabon tebur mai nauyin da ba za a sake motsa shi ba sai an tashi canza kafet. Ango, kai ke da alhakin ɗakin kafin a kawo kaya. Ka tambayi dangin amarya bangon da za a jingina kayan kallo, ka kawo mai wayarin kwana biyu kafin jere, ya sa soket a wurin, ya sa wani daban can gefe na guga. Ku kuma iyayenmu mata masu jere, ku bar tazarar tafin hannu tsakanin tebur da bango, kada labule ya sauka kan soket, kuma kafin a rufe ɗakin a nuna wa amarya makunnin da ke kashe komai.

A nan za mu dakata a shirin na yau. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa.